Igiyar Inna ta Sama

Injiniya na tsaye a kan kujera tana kwance igiyar daga ƙarfen taga, Inna ta sama kuma na zaune a bakin gado tana kallonta kamar wadda ake cire wa haƙori.

"Ki bar mini abata, 'yar nan. Me ta tsare miki?"

"Inna, mutuncina take zubarwa. A ce ina ƙasanki, ina karatun lantarki, amma da gwangwani ake kirana?"

Igiyar shanya ce ba wata ba. Tun faɗuwar da Inna ta yi a banɗaki ta sa aka ɗaura mata bakinta ɗaya a ƙafar gado, aka zura ɗayan ta taga har saitin kicin ɗin Injiniya a hawan ƙasa, da gwangwanin madara a rataye cike da tsofaffin makullai. In ta ja, ya yi ƙara, a hau a duba ta. Waya kam tana da ita, amma yatsunta sun ƙage, iyakarta ta amsa in 'yarta ta kira, kuma kullum wayar na falo a jikin caji.

A gaskiya ba maganar mutunci kaɗai ba ce. Iska ma tana kaɗa gwangwanin. Sau nawa Injiniya ta bar lissafi a tsakiya ta hau a guje, ta tarar da tsohuwa tana sharar barci da rediyo a kunne. Don haka ta yi alkawarin abin zamani: ɗan madanni da Inna za ta rataya a wuya, ta danna, saƙo ya shigo wayar Injiniya ko tana ina. Kafin Juma'a, in ji ta. Ta naɗe igiyar ta sauka da ita.

Mijin Injiniya, wanda aikinsa ke wani gari sai ƙarshen mako yake zuwa, ya ce ta sayi ƙararrawar ƙofa ta kasuwa ta liƙa wa baiwar Allah kafin nan. Ta yi masa bayani mai tsawo a kan yadda ta kasuwa ba ta ratsa kankare da kyau, da yadda batirinta ke mutuwa ba sallama. Ya ce to, ai ita ce mai digiri.

Juma'ar ta zo ta wuce. Ba lalaci ba ne, kowa a gidan zai shaida. Makon Injiniya a yanke yake tun kafin ya shigo. Farkonsa na laccocin da take ɗauka ne, da aikin gida mai sa mutum ya manta sunansa. Tsakiyarsa na 'yan aji biyu ne da take koya wa haɗa wayoyi a ɗakin gwaji, waɗanda in ka juya baya sai ka ji ƙauri. Ƙarshensa na Farfesa ne, mai duba bincikenta, mutumin da bai taɓa ganin sakamako ya ce ya yi ba, sai dai a sake aunawa. Abin da ya rage a tsakani, takardun jarrabawar ɗalibai sun cinye.

Madannin ma ta haɗa shi, yana nan a gefen teburinta a ɗakin gwaji. Yana aiki, sai dai wani lokaci saƙon yakan makara. Ta ce ba za ta rataya wa tsohuwa abin da ba ta gama yarda da shi ba. Da ta gyara wannan, sai ta ga ya kamata ya gane faɗuwa da kansa ko ba a danna ba. Da ta ƙara masa wannan, batir ya daina kwana. Wani abokin karatunta ya ce in ta ci gaba a haka, madannin ne zai riga ta samun digiri na biyu.

Da farko Inna na tsokanarta. In ta hau kai mata magani sai ta ce, "Injiniya, ashe Juma'arku ta boko nisa gare ta." Su yi dariya, Inna ta tura mata kwano ta ce ta ci, duk ta zama ƙashi. Daga baya tsohuwar ta daina tambaya, kuma wannan shirun ya fi tsokanar ciwo. Injiniya ta fara rage hawa. In za ta fita da safe sai ta duƙar da kai, kada su haɗa ido ta taga. Kunya take ji, kunyar kuma maimakon ta tura ta sama sai ta riƙa korarta waje.

Ranar da abin ya faru tana gida. Farfesa ya shirya mata ganawa ta kwamfuta da wani malami daga wata jami'a, wanda zai ce bincikenta ya isa a rubuta ko a koma baya. Ta daɗe tana jiran ranar. Tana cikin bayanin zane na farko ta ji bugu daga sama, daidai saitin kanta. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Farfesa ya yamutsa fuska ya tambaya ko gini ake yi a gidansu. Ta ba da haƙuri. Daga nan in ba ita ke magana ba sai ta kashe makirufo.

A ranta ta ce Inna ce ke daka wani abu, ko tana neman buɗe gwangwanin da ya gagare ta. Har haushi ta ji. Bugun ya ci gaba, ya fara jinkiri, ya tsaya, ya dawo sau ɗaya, sannan shiru. Baƙon malamin ya ce aikin ya yi kyau, Farfesa har ya kusa murmushi.

Tana rufe kwamfuta ta ga ta makara, 'yan aji biyu na can su kaɗai da wuta a kunne. Ta tsaya a gindin matakala da jaka a kafaɗa, ta ɗaga kai. In ta hau, sai an gaisa, sai an ci abinci. Ta ce in ta dawo.

Da ta dawo da la'asar takalma ne tun daga ƙofar gida har sama. 'Yar Inna, wadda Injiniya ke kira Yaya, ta yi ta kiran waya ba a ɗauka, ta baro bankin da take aiki ta zo, ta tarar da uwarta a ƙasa tsakanin gado da taga, rai ya yi halinsa. Likita ya ce zuciya ce, kuma ta jima a wurin. Da aka tambaye shi ko da an zo da wuri za a iya wani abu, bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Kwanakin da suka biyo baya Injiniya ba ta leƙa makaranta ba. Ita ce shara, ita ce ɗora ruwa, ita ce kai wa masu gaisuwa abin zama. Mata na ta sa mata albarka, suna cewa irin wannan maƙwabciya sai an tona. Kowace albarka sai ta ji kamar mari.

Da mutane suka ja baya, suka rage su biyu a ɗakin suna ninke kayan marigayiya. Yaya ta ce ba ta da bakin godiya. Da can, in ji ta, kullum sai ta saci jiki lokacin hutun rana ta leƙo, har ana yi mata gunaguni a ofis. Amma tunda Inna ta gaya mata Injiniya ta saka mata madanni, hankalinta ya kwanta, ta koma zuwa da yamma.

"Abin da ya tsaya mini a rai, me ya hana ta dannawa? Na duba wuyanta ban gan shi ba. Ko cirewa take yi?"

Injiniya ta riƙe zanen da ke hannunta.

"Ban saka ba, Yaya."

"Ta ce mini kin saka. Har ta ce mai kyau ne, ke kika haɗa da hannunki."

"Ban saka ba. Igiyar ma ni na kwance."

Yaya ta koma kan kayan da ke gabanta. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta gama ninke rigar da ta fara, ta ɗora a kan sauran, ta ce kwana ne ya ƙare. Sannan ta ce Injiniya ta taimaka ta kwashe kwanukan da suka rage a ɗakin, a wanke kafin a rabar.

Maganar bugun na bakin Injiniya, amma ta ƙi fitowa. Ta durƙusa tana tattara kwanuka, ta zura hannu ƙarƙashin gado ta jawo kofin silba, wanda Inna ke shan magani da shi. Gindinsa ya lotse ta gefe ɗaya, ya yi fari da garin siminti. A ƙasa kusa da ƙafar gadon, ledar ɗaki ta huje a wuri guda.

"Wannan ki jefar," in ji Yaya ba tare da ta juyo sosai ba. "Ban san me ya same shi ba."

Injiniya ta kai shi kicin tare da sauran. Ta wanke shi ciki da waje, ta goge, ta ajiye a kan tire. Sauran kofunan suka zauna. Shi ya karkata, ya yi ta rangaji a hankali, tana tsaye tana kallonsa har ya tsaya.