Ƙaramar Ƙwaya

Wata biyu ke nan mai gyaran agogo yana gyangyaɗi a teburin aikinsa, gilashi maƙale a ido, agogon mutane a buɗe a gabansa. 'Ya'yansa suka ce tsufa ne, ƙarshen wata za a rufe shagon. Matarsa dai ba ta gamsu ba. Wane irin tsufa ne zai sauko wa mutum cikin mako guda? Da ta yi tunani, sai ta tuna barcin ya fara ne tun da likita ya rubuta masa magani iri biyu na ciwon baya.

Ta ƙulle su a bakin gyale ta nufi shagon magani, ta kwance su a gaban mai maganin.

"'Yata, fara min da wannan babbar. Ita nake tsoro, sai ciwo ya kai masa karo nake ba shi."

"Ƙaramar fa, Mama?"

"Wannan 'yar ficiciyar? Safe da yamma. Me za ta yi wa ƙaton mutum?"

Mai maganin ta dafe kai.

"Mama, kin juya su! Babbar kumburin wurin take ragewa, sai dai a sha bayan abinci, don tana taɓa ciki da ƙoda. Ƙaramar dangin tiramol ce."

Matar ta ɗaga ƙwayar ta haska ta a taga, tana jujjuya ta.

"To ita ina take zuwa, in ba bayan ba?"

"Ƙwaƙwalwa. Ciwon yana nan, labarinsa take danne wa mutum. Tana sa barci, tana ɗaure ciki."

"Ikon Allah! Ni kuwa na ɗora wa girkina laifi. Yau zan zubar da ita."

"A'a, kul! Jikinsa ya riga ya saba. In kika yanke lokaci ɗaya zai yi ta gumi da makyarkyata. Ku koma wajen likita ya rage masa sannu a hankali."

"Idonsa zai buɗe?"

"Ina sa rai. Amma zai riƙa jin bayan fiye da yanzu."

Matar ta mayar da ƙwayoyin bakin gyale ta ƙulle. Ta san mijinta: gara masa ciwo da zaman gida.

Tun a bakin ƙofa ta kira babban ɗanta a waya.

"Ka dakata da maganar rufe shagon babanku. Gobe da safe ka zo ka kai mu asibiti."