Ranar da Saje Philemon Ya Ce Fili Zai Cika

Tun da Saje Philemon ya bar aikin soja ya dawo Zuru, sai ya ɗora wa kansa wani aiki da ba wanda ya sa shi: faɗin yawan mutanen da za su zo filin lilo. Duk Kirsimeti wani Talle yakan kawo lilo da dokin katako mai juyawa daga Kontagora, matar Saje kuma, Saloma, takan soya masa a bakin filin.

A 2006 Saje ya yi aikin da gaske. Ya zaga shagunan teloli ya ƙirga rigunan yara da ke rataye. Ya leƙa rumfunan kitso. Ya tsaya a tasha yana tambayar direbobin Mahuta da Kanya kujera nawa aka kama.

"Ran Talata ko allura ba za ta samu wurin faɗuwa ba," ya ce. "Laraba kuwa fili fayau."

Saloma ta yarda da shi, ta jiƙa shinkafarta kaf, wadda ta yi wata uku tana tarawa.

Da ya tsaya nan da an zauna lafiya. Amma mutum ne da ba ya iya sanin abu shi kaɗai. Ran Lahadi bayan sujada ya tsaya a ƙofar coci ya bayyana wa kowa, har da zane a ƙasa da sandarsa. Matan zumunta suka kai zancen lungu-lungu. Wa zai kai yaransa a tattake su?

Ran Talata fili ya zama wayam. Talle na gyangyaɗi a kan dokinsa, masa kwano huɗu na hucewa. Duk wanda ya gifta sai ya ɗaga hannu: "Mun gode, Saje! Gobe muna tafe, tunda babu mutane!"

Kunya ta kama shi har wuya.

"Maman Keziah, lissafina fa daidai ne," ya ce wa Saloma.

"Daidai ne, Baban Keziah. Sunkuyo."

Ta ɗora masa gammo, ta aza kwano, ta nuna hanyar bariki.

A bakin get, sojojin da ya koya wa fareti da bakinsa suka hango shi, suka ƙame suka sara masa. Ya so ya rama, amma hannayensa biyu na riƙe da kwano.

"Ku huta," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Akwai mai zafi a ƙasa."