Kyanwar Hajiya Saliha da Buhun Babayo

A watan Mayun shekarar 2020, wanda ya zo daidai da azumin 1441, aka sa dokar zaman gida a ƙasar Katagum saboda annobar korona. Azare ta taɓa ganin makamancin haka, domin annobar murar 1918 ta riske ta shekara biyu kacal bayan an ɗauke mazaunin sarauta daga tsohon garin Katagum zuwa cikinta. Sai dai babu wanda ya ruwaito cewa a wancan karon an zauna shari'a a kan kyanwa.

Gidajen da abin ya shafa uku ne a jere. Kakanninsu tare suka taso daga Katagum a waccan ƙaura, saboda haka da suka zo gini ba su ɗaga katangun tsakani ba. Tsawonsu bai wuce mace ta kifa turmi ta hau, kanta ya leƙa gidan maƙwabciya ba. A kan turamen nan ake aron gishiri, a kansu ake barka, a kansu ake miƙa labari tun da zafinsa. Da doka ta hana fita, sai turmi ya zama majalisa.

A gidan tsakiya Hajiya Saliha take, dattijuwa mai kaifin harshe wadda mijinta ya daɗe da rasuwa. Ita cutar ta kama. Da yake jikin da sauƙi, ma'aikatan lafiya suka ce a killace ta a ɗakinta. Ɗanta Bahauddeen doka ta rutsa da shi a Gamawa, sai matarsa Munira ce ke jinya, ta ajiye kwano a bakin ƙofa ta ja da baya. Mai shiga ɗakin ɗaya ce tak, wato Gimbiya, wata jar kyanwa mai farin ƙirji, wadda ke kwana a kan ƙafafun Hajiya, ta lashe abin da ya rage na kunu, ta saurari duk ƙorafin da tsohuwar ke da shi a kan duniya.

Wata ranar da la'asar, Zinatu, matar gidan gabas, tana kan turminta tana tambayar Munira mai jiki, sai kyanwar ta bi ta kan katanga, ta tsaya daidai fuskarta, ta yi atishawa.

Zinatu ta faɗo daga turmi, ta miƙe ta sake hawa.

"Munira! Na shiga uku! Kwamishina ta yi mini atishawa a ido!"

"Wace ce kuma Kwamishina?"

"Kyanwarmu mana! Ba ta zuwa sai an sauke tukunya, shi ya sa Malam ya sa mata haka."

"Kyanwarku? Yaya Zinatu, Gimbiyar Hajiya ce fa. A ɗakinta take kwana."

Kafin Zinatu ta gama salati, kan Adda Jannatu ya ɓullo ta katangar yamma. Ita Bafulatana ce mai sayar da nono, kuma kunnenta ba ya barin magana ta wuce.

"Wa ke kwana a ɗakin mai korona? Ba dai Fatu ba? Fatun da nake zuba wa kindirmo kullum da safe a ƙoƙon jikana?"

A nan ne ya bayyana cewa shekaru da dama kyanwar nan tana karin kumallo a yamma, tana cin rana a gabas, tana kwana a tsakiya, kowane gida kuma yana alfahari da ita a matsayin tasa.

Abin da ya ƙara rura wutar shi ne rediyo. Zinatu ta ji an ce a ƙasar Beljiyam wata kyanwa ta ɗauki cutar daga uwar ɗakinta, an kuma ce wata damisa ta kamu a gidan namun daji na birnin New York. Duka biyun gaskiya ne. Amma kafin labarin ya tsallaka katanga biyu, damisar ta riga ta harbi rabin Amurka.

Nan take masu kyanwa suka fara raguwa.

"Ni dama ban taɓa cewa tawa ce ba," in ji Zinatu. "Sadaka nake ba ta."

"Ni ma ganin ta nake kawai tana wucewa," in ji Adda Jannatu, wadda ta riga ta jefa ƙoƙon jikan nata a murhu.

Munira ta kira mijinta, shi kuma ya tuntuɓi wani abokinsa likitan dabbobi. Amsar da ta dawo ba ta da tsawo: mutum ne aka sani yana sa wa kyanwa, ba a tabbatar kyanwa na sa wa mutum ba, a tsare ta a ɗaki tare da marar lafiyar, a daina bari tana yawo. Munira ta hau turmi ta isar da saƙon gabas da yamma. Matan suka saurara da ladabi, sannan suka aika wa mazajensu cewa a raba unguwa da kyanwar.

To, a nan ba a kashe kyanwa. Babu namijin da zai yarda ya ɗauki wannan alhaki a wuyansa, balle a watan azumi. Abin da aka gada shi ne a sa ta a buhu, a ɗaure baki don kada ta ga hanya, a tsallake ruwa da ita, a sake ta a can. Mazan suka yanke cewa a kai ta ƙetaren kogin Katagum, tunda dai can ne asalin kowa. Aka ɗora aikin a kan Babayo, ƙanin mijin Zinatu, ɗan acaɓa wanda zaman gida ya ishe shi, wanda kuma ya rantse ya san hanyoyin gona da babu shingen jami'ai a kansu.

Washegari da hantsi Babayo ya yi sallama. Ya ɗaura takunkumi biyu, ya naɗe kansa da rawani, ya zura hannayensa a ledar burodi. Kawuna suka jeru a kan katangu biyu.

"Hajiya, barka da jiki," ya ce daga tsakar gida. "An aiko ni ne wajen baƙuwar nan."

"Wace baƙuwa?" Muryar ta fito daga bayan labule, a dishe amma da ƙarfinta. "Babayo ne? Wanda na yi wa uwarsa wankan jego? Kai ne yau ɗan sandan kyanwa?"

"Wallahi Hajiya umarni ne."

"Madalla da umarni. Ku ji ni da kyau, har da ku na kan turmi. Ni na sa mata ciwon nan, ba ita ta sa mini ba. Tun da na kwanta, wa ya taka ɗakin nan ban da ita? Amma ba zan hana ka aikinka ba, ɗana. Ga ta nan a kan ƙafata. Shigo ka ɗauka."

Babayo ya dubi labule, ya dubi katanga.

"Shiga mana!" in ji Zinatu. "Ba kai ne ka ce ko kura ce za ka kamo ba?"

"Ke da kika iya, Yaya, ai ga hanya."

"Ni mace ce mai hawan jini."

Ya matsa gaba kaɗan. Hajiya ta saki wani tari mai tsawo, mai hawa da sauka, wanda Munira ta shaida daga baya cewa bai yi kama da na kwanakin baya ba ko kaɗan. Babayo ya koma inda ya fito, har da ƙari.

"Hajiya, ko za ki turo ta waje?"

"Ni da ba ni da ƙarfin ɗaga cokali?"

Adda Jannatu ta kawo dabara. Ta zuro ƙwarya da igiya, da ɗan kindirmo a ciki. Babayo ya shimfiɗa buhun a bakin ƙofa, ya buɗe bakinsa, ya tura ƙwaryar ciki da tsinken tsintsiya, ya ruga bayan randa ya laɓe. Aka shiga kira. Gabas na cewa Kwamishina, yamma na cewa Fatu, kowace ta manta jiya ta ce ba ta san ta ba.

Labule ya motsa. Kyanwar ta fito a natse, ta yi miƙa, ta shinshina buhun, ta shige ciki da ƙafarta. Aka ji tana lasar nono. Da ta gama sai ta juya, ta kwanta, ta leƙo da kanta waje.

"Ta shiga! Babayo, ɗaure!"

Babayo ya taho a sanɗa, ya sunkuya, ya miƙa hannu. Gimbiya ta dube shi ido cikin ido, ta yi atishawa.

Babu wanda ya ga fitarsa sosai. An dai ji ƙarar ƙofar zaure, an kuma tsinci takalminsa ɗaya a gindin randa. Munira ta durƙushe tana dariya har hawaye ya jiƙa mata takunkumi. Adda Jannatu ta kama katanga da hannu biyu don kada ta faɗi.

Sai ga kan sandar Hajiya ya fito ta ƙarƙashin labule. Ya laluba, ya saƙalo bakin buhun, ya ja shi a hankali zuwa cikin ɗaki, da kyanwar da ƙwaryar da komai.

"Munira, rufe mana ƙofa da taga, kamar yadda likita ya ce. Mu biyu mun shiga kulle. Adda, nonon ya yi mata daɗi, gobe a ƙaro."

Ba a taɓa gwada kyanwar ba, saboda haka babu mai iya cewa korona ce ta kama ta ko mura ce ta kyanwoyi. Abin da aka sani shi ne ba ta ga kogin Katagum ba. Ita da Hajiya sun fito tsakar gida tare ana jajibirin sallah, dukansu sun daina tari da atishawa, ɗaya ta rame, ɗaya ta yi ƙiba.