Ragon Kwana Goma Sha Huɗu

Ƙanena Fergus shi ya jawo wa kansa, na sha faɗa masa. Da aurensa na fari ya mutu, matar ta tafi da yaransu biyu, sai ya je cikin fushi likita ya ɗaure masa jijiyar maniyyi, wai shi da haihuwa har abada. Bayan shekara goma sha ɗaya ya auro Narelle ya kawo ta gonarmu ta tumaki, mace mai son yara kamar me. Aka koma aka kwance, aka ɗinke, aka jira shekara guda. Gwajin maniyyi uku, babu ko ƙwaya ɗaya mai motsi.

Ni na tuƙa su birnin Adelaide, tafiyar awa biyar. Likitar ta ba su zaɓi biyu: ko a zuƙo daga marainansa da allura a haɗa da ƙwan Narelle a asibiti, amma kada su sa rai sosai, ko kuma a karɓi na wani namiji. Narelle tana da shekara talatin da tara, lokaci ya fara ƙure mata.

A hanyar komawa ta buɗe takardar jerin mazan da ke ba da maniyyi. Ita fa tun tana yarinya daga littafi take zaɓar wa ubanta raguna, sai bakinta ya bi inda ya saba: wannan dogo ne, wancan zuriyarsa ba ciwo. Wallahi ba da mugunta ba. Ta madubi na ga Fergus ya juya fuskarsa waje, tausayinsa ya kama ni.

A wajenmu, kafin a saki raguna cikin garke, akan fara sa wanda aka ɗaure wa jijiya ya yi kwana goma sha huɗu da tumakin don su shirya wa barbara. Sannan a fitar da shi, a kawo na gaske. Washegari ce ranar fitar da namu.

Muna bakin shinge Narelle ta iso, idonta a kumbure.

"Ferg, mu gwada allurar tukuna. Jiya bakina ne ya suɓuce."

"Ai ba ƙarya kika yi ba, Rel," in ji shi, yana ja wa ragon ƙofa. "Ɗauki dogon nan kawai. Ni na san aikina."

Ba ta ɗauki kowa ba, ta rantse sai nasa. Sau biyu aka yi allurar, ba a dace ba. Bana ta cika arba'in da huɗu, kuma har yau abin yana cina. Fergus bai sake taɓa ƙofar nan ba. Duk shekara ni ake kira in fitar da ragon.