Kwalbar Gindin Randa

Sakinatu na ɗiban ruwan wankan gawar Rauda, maƙwabciyarta, a randar marigayiyar, sai yatsan ƙafarta ya tono wata 'yar kwalba daga jiƙaƙƙen yashin da randar ke zaune a kai. Nan take ranta ya ɓaci, don ta san kwalbar nan.

Bara waccan ita ta raka Rauda asibiti a Birnin Kebbi saboda ƙullutu a nonon hagu. Likita ya sa allura ya zuƙo wani ruwa ƙasa-ƙasa, ƙullutun ya sace. Amma ya ce kada a saki jiki, don a irin wannan ruwan akwai sinadarin da ke sa tsoka girma, in ya yi yawa ana tsoron ciwon daji. Jihar sabuwa ce, ko injin awon ba a kawo ba, sai dai Sakkwato. Ya ce a ajiye kwalbar cikin sanyi, kada ta wuce kwana biyu.

Munzali, mijin Rauda, ya ce shinkafarsa ta Zauro ta nuna, tsuntsaye ba za su jira shi ba. Ai kumburi ya tafi, me kuma ya rage? Rauda baiwar Allah ta binne kwalbar gindin randa, wai nan ne sanyin gidan. Aka yi girbi, aka buge shinkafa, har kamun kifin Argungu mutumin nan ya je kallo, amma hanyar Sakkwato ta gagare shi. Sau uku Sakinatu na roƙon a ba ta ta kai, ya ce ta ji da nata gidan. Da ƙullutun ya dawo, da tauri ya dawo kamar dutse.

Yanzu ga muryar Munzali daga zaure, ko kunya babu, yana gaya wa masu gaisuwa babu inda bai nemi magani ba. Sakinatu ta aika aka kira shi, ta danƙa masa kwalbar a tafin hannu.

"Malam, ga saƙon Sakkwato. Shina nan inda ka bar shi."

"Kwana ne ya ƙare, Sakinatu."

"Awo, na sani. Shinkafa ma da kwananta, amma ka tashi ka kori tsuntsu."

Ta ɗauki bokitinta ta shige ɗaki. Munzali ya juya kwalbar yana neman sunan matarsa a jikin takardar da aka manna wa kwalbar, amma danshin randa ya riga ya cinye rubutun.