Layi na Ashirin da Uku

Da safar hannu Pyo Dal-su ya zaro tef ɗin daga na'urar busar da barkono, ya ɗora shi a kan tebur ya huce. Tsohon tef kan sha danshi ya yi danƙo, in ba a gasa shi a hankali ba, yana hawa inji zai saɓule. Ko an gasa ma, da ƙyar yake jure saurare ɗaya. Na'urar ta marigayiya matarsa ce, shi ya sa ɗakin ɗaukar waƙar da ke ƙarƙashin bene ya cika da yajin barkono.

"Wato muryar tawa ma sai da ka gasa ta," in ji Tak Sun-rye daga bakin matakala.

A dishe maganar ta fito, rabinta iska ce. Tana rataye da jakar kaya. Ƙarfe uku za a ba ta gado a asibiti, gobe da safe likitoci su yanke inda murya ke fitowa, saboda ciwon daji. Abu ɗaya ta roƙe shi a waya: tana so ta ji muryarta ta ƙuruciya ita kaɗai, ba tare da ta kowa a kai ba.

"Zauna, Maman Yong-su. Ga shayin sha'ir can."

"Ba ya wucewa, Malam. Ka sha abinka."

Duk Seoul, wanda ya taɓa riƙe makirufo ya san sunan Pyo. Ya haɗa waƙoƙin tsofaffi masu sa direban tasi kuka, ya haɗa na ɗaliban jami'a masu jita, da na rawa, da na fina-finai. Da yara masu faɗin wando suka zo da waƙar surutu, su ma ƙofarsa suka ƙwanƙwasa. Kowane salo ya taɓa, muryar mawaƙiyar sai ta fito da kauri da ɗumi, ko da kuwa a zahiri ba ta iya riƙe amo ba. Masu koyo sun yi ta wahala. Wasu suka ce makirufonsa ne, wasu suka ce katakon bangon ɗakin, har wani bawan Allah ya zo da ma'auni ya auna rufin. Shi ko Pyo sai ya yi murmushi ya taɓa kunnensa.

Sirrin kuwa ga shi nan zaune a kan kujera da jakar asibiti. A wata masaƙa a unguwar Guro ya tsinto ta tana waƙa a bikin ma'aikata. Kamfanin waƙa ya ce fuskarta ba ta dace da bangon faifai ba. Sai ya riƙa sa ta rera kowace waƙa bayan tauraruwar ta tafi gida, ya shimfiɗa muryarta a ƙarƙashin tasu, ƙasa-ƙasa yadda kunne ba zai rarrabe ba. Waƙa talatin da ɗaya, babu sunanta ko a ɗaya.

Layi ashirin da huɗu ne a jikin tef, kowane abin kiɗa ko murya da nasa. In suka ƙare, sai a haɗe biyu wuri guda, a goge ɗaya a ɗora wani abu. Kowa na yin haka. Amma Pyo ya san layin Sun-rye hannunsa ke fara kaiwa kullum, ya kuma san dalili. Tsoro yake ji kada wani ya buɗe tef ya ji ta, ya ɗauke masa ita. Mako guda ya yi yana bin kwalaye, a kwalin wannan tef kaɗai ya ga ba a soke harafin sunanta ba, a kan layi na ashirin da uku.

"Kana karkarwa," ta ce.

"Tsufa ne."

"Da can ma kana yi in za ka yi ƙarya."

Ya ɗaura tef ɗin, ya kunna kwamfuta ta kwafa, ya rufe duk layukan sai ɗaya. Fayafayan tef ɗin suka fara juyawa. Sun-rye ta ajiye jakar a ƙasa, ta gyara zama, ta ɗora hannuwa a kan gwiwa kamar 'yar makaranta.

Sai ga kacau-kacau.

Caka-caka-caka, babu komai sai shi. Nan take Pyo ya tuna ranar. Shi da hannunsa ya kaɗa shi, don shugaban kamfani ya ce waƙar ba ta da armashi. Ya goge muryarta ya ɗora shi a layinta, ya manta bai gyara rubutun kwalin ba. Kunya ta rufe shi. Ba dama ya tsayar, in ya tsayar tef ɗin zai manne. Ƙurar jikin tef ɗin mai ruwan ƙasa tuni ta fara zuba a kan ƙarfen injin.

Minti huɗu suka yi a haka. Ba ta dube shi ba.

"Wa ya kaɗa?" ta tambaya.

"Ni ne."

"Ka iya kuwa."

"Wuri ne ya ƙare, Maman Yong-su. Kin san yadda aikin..."

"Sau talatin da ɗaya wuri yana ƙarewa a kaina?"

Ya mai da idonsa kan injin. Kacau-kacau ya yi bugun ƙarshe ya tsaya, daidai inda ya ɗage yatsansa daga maɓallin gogewa shekara talatin da uku da suka wuce. Abin da ke bayan nan gogewar ba ta kai gare shi ba. Wata murya ta cika ɗakin, wutsiyar amon ƙarshe na waƙar, garau, mai faɗi, tana sauka a hankali. Sai numfashi, sai 'yar dariya, sai yarinya ta ce, "Malam, ya yi?"

Daga can nesa muryar wani saurayi mai ji da kansa ta amsa, "A sake."

Jelar tef ɗin ta fice tana faɗa-faɗa. Pyo ya kashe injin. Sun-rye ta kai hannu wuyanta, ta daɗe a haka.

"Bai yi ba ke nan," ta ce.

"Ya yi. Shi na ajiye. Shi ne a faifan da duk ƙasar nan ta saya."

"To me ya sa ka ce a sake?"

"So nake in ƙara ji."

Ta gyaɗa kai, ba mamaki a fuskarta. Ya miƙe da sauri ya jawo makirufo, ya ce akwai sauran lokaci, ko magana ce ta yi ya ɗauka saboda jikoki. Ta dubi makirufon, ta dubi agogo.

"Wannan ba ita nake so su tuna ba. Daƙiƙa nawa ce waccan?"

"Shida."

"Sa mini a waya." Ta miƙa masa. "Amma ka yanke taka daga ciki. Ka iya ai."

Ya zauna gaban kwamfutar. Bai ɓata lokaci ba, aikin da ya fi kowa iyawa ne. Ya nemo inda muryarsa ta fara, ya zaɓe ta, ya goge. Ya ce zai raka ta tashar jirgin ƙasa, ta ce Yong-su na jira a mota, kuma kada ya zo asibiti.

Ta hau matakalar a hankali, wayar a kunnenta. Yana zaune yana jiyowa sama-sama, tana ƙarewa tana sake farawa. Malam, ya yi? Malam, ya yi? Har ƙofar sama ta rufe.