Ranar Gadin Gidan Kofur

Ƙasar da ba ta da soja ba ƙasa ba ce, fili ne kawai da mutane ke kwana a cikinsa. Janar ne ya faɗi haka a rediyo, kuma ya san abin da yake faɗa, domin a gidansa har furanni suna da nasu sojan. Wannan sojan shi ne mijin Matar Kofur.

Tana shanya kayan yara Mai Walda, shugaban layinsu, ya yi sallama. Tun da ɓarayi suka fara bin gidaje, layin ya yanke cewa kowane gida zai riƙa ba da namiji ɗaya ya kwana gadi.

"Matar soja, yau ku ne."

"Ai ka san ba ya nan."

"Yana bakin daga ko? Allah ya ba shi nasara a kan ciyawa." Ya yi dariya, sannan ya gimtse fuska. "Ba wasa nake ba fa. Gidan da bai ba da mutum ba, ranar da aka shiga masa kowa bargonsa zai ja."

Ta dubi ƙofarsu ta langa-langa, wadda ko akuya ta yi fushi za ta ɓalle ta.

* * *

Sai da ta yi ta kira kafin Kofur ya ɗauka, yana magana ƙasa-ƙasa.

"Madam na da baƙi gobe. An ce a aske filin gaba tas. In na fita, kulle ni za a yi."

"To mu wa zai tsare mu?"

"Ki ƙara sakata," in ji shi. Wani ya daka masa tsawa daga can, wayar ta mutu.

Ta daɗe zaune a bakin gado. Rabonta da ganinsa cikin kaki tun hoton da ke bango.

Daga ɗaya ɗakin surukinta ya yi tari. Tsohon tela ne, allura ta cinye masa ido, amma kunnensa garau.

"'Yar nan, miƙo min kwat ɗina."

"Haba Baba! Kai da ko bakin ƙofa sai an riƙe ka?"

"Namiji suka ce. Ba su ce mai gani ba."

* * *

Da rana ta faɗi sai ta ɗauki kujera, ta riƙe hannunsa har bakin layi. Mai Walda ya rataya masa usur a wuya, ya kau da kai ya wuce. Baba ya gwada busawa, tari ya fito.

"Kada ki gaya wa mijinki," ya ce da ya samu numfashi. "Hankalinsa zai rabu biyu, ga shi aikin ƙasa yake."

Ta gyara masa wuyan kwat, ta juya za ta tafi.

"'Yar nan, ta ina suke zuwa?"

Sai a lokacin ta lura bango yake fuskanta. Ta dawo ta ɗaga shi a hankali, ta juya kujerar ta kalli titi.